Idan Na'ura Ta Yi Ɓarna, Wa Za A Kama?

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan watan duk a kan ƙirƙirarriyar basira suke, wato AI. Mun zaɓi shida daga cikin birnin Kano. Lauyoyinmu da masu aikin kwamfuta ne suka haɗu suka amsa, kuma mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ɗalibaina sun tambaye ni ko akwai dokar da ke kula da AI a Najeriya, ni kuma na yi shiru. Me zan ce musu? (Malamin sakandare, Rijiyar Zaki)

Amsa: Malam, ka ce musu akwai, sai dai a warwatse take. Abin da lauya zai iya tsayawa da shi gaban alƙali ya haɗa da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 wadda ta kafa hukumar NDPC, da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, da Dokar Kare Masu Saye ta 2018 da hukumar FCCPC ke aiki da ita, sannan sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 da ya kare sirrin ɗan ƙasa. Ma'aikatar Sadarwa a ƙarƙashin Bosun Tijani ta fitar da daftarin tsarin AI na ƙasa a watan Agustan 2024, amma ka ja hankalinsu kan bambancin tsari da doka. Tsari niyyar gwamnati ce, ba a ɗaure kowa da shi. Ƙudiri ma haka yake har sai majalisun tarayya biyu sun amince an sa masa hannu.

Tarayyar Turai ce ta yi doka guda sukutum, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024. Sun kasa AI gwargwadon haɗarinsa. Akwai wanda aka haramta ɗungurungum, kamar manhajar da ke ba 'yan ƙasa maki kan halayensu, ko mai karantar yanayin zuciyar ma'aikaci a wurin aiki da ɗalibi a makaranta. Akwai mai babban haɗari, irin na ɗaukar ma'aikata da ba da rance, wanda sai an rubuta yadda aka horar da shi kuma mutum na sa masa ido. Tarar mafi girma Yuro miliyan 35 ce ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya. China kuwa ta fi damuwa da lakabi: tun 1 ga Satumban 2025 dole hoto ko murya ko bidiyon da AI ya haɗa ya ɗauki alama. Tarayyar Afirka ta amince da nata tsarin a Accra a watan Yulin 2024, shi ma shawara ce ga ƙasashe.

Abin da ya fi dacewa yara su riƙe shi ne, a dokarmu na'ura ba mutum ba ce. Ba a maka ta a kotu, ba ta biyan diyya. Idan shanu suka shiga gona, ai ba saniya ake kaiwa gaban mai gari ba.

Tambaya: An tura wa yarona na shago saƙon murya ta WhatsApp da muryata sak, wai na canza layi, ya tura naira miliyan 3 ga wani mai kawo atamfa. Ya tura. Wallahi ni da na saurara sai da na yi kokwanton kaina. Ina mafita, kuma yaron zai biya? (Ɗan kasuwa, Kantin Kwari)

Amsa: Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Abin da aka yi maka kwaikwayon murya ne, kuma ba ya buƙatar wani dogon shiri. Ɗan guntun muryarka daga saƙonnin da kake turawa guruf ɗin kasuwa, ko bidiyon tallan kaya, ya isa a ɗora wa manhaja ta faɗi duk abin da aka rubuta mata. Kada ka ga wautar yaron. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga shugabanninsa ido da ido, ashe duk na bogi ne.

Banki ne farko, kafin 'yan sanda. Kuɗin damfara ba ya kwana a asusu ɗaya. Ana yayyanka shi zuwa wasu asusun, a cire ta wurin masu POS, wani lokaci kafin a idar da sallar la'asar. Ku je bankin da kuɗin ya fita, ku rubuta ƙorafin damfara, ku ba da lambar shaidar cinikin da lokacinsa da asusun da ya karɓa, ku nemi su tuntuɓi ɗaya bankin a riƙe abin da ya rage. Ku karɓi lambar ƙorafi a rubuce. Riƙewar banki ta wucin gadi ce, mai ɗorewa sai da umarnin kotu, don haka lauya ya shiga maganar da wuri. Idan makonni biyu suka wuce bankin bai ce komai ba, sashen kare abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya na karɓar ƙorafi. Daga nan sai hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai ko ofishin EFCC na shiyyar Kano. Laifin yana da suna tun kafin AI: karɓar dukiya ta hanyar yaudara a Dokar Damfara ta 2006, da sojan gona a sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet, wadda Babbar Kotun Tarayya ke sauraron shari'unta.

Inda aka fi faɗuwa kuwa wajen hujja ne, kuma nan muke so ka natsu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da ya fito daga waya ko kwamfuta, amma da sharaɗi. Sai an nuna wace na'ura ce, ana amfani da ita yau da kullum, kuma lafiyarta ƙalau a lokacin. Yawanci ana haɗawa da takardar shaida mai bayyana na'urar da yadda aka ciro saƙon, wanda ke kula da ita ya sa hannu. Lauyan wanda ake tuhuma abin da zai fara lalube ke nan. Saboda haka wayar yaron ta zama kayan shaida daga yau. Kada a goge hirar, kada a kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a yi mata filashin, kada a sayar. A fitar da hirar gaba ɗaya tare da muryoyinta ta hanyar da WhatsApp ya tanada, a ajiye kwafi biyu a wurare daban. A ɗauki hoton fuskar wayar yadda lambar da ta turo da kwanan wata da lokaci za su fito. Saƙon da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ya raunana, domin ba ya nuna asalin inda ya fito.

Kada kuma ka ɗora begenka a kan shafukan da ke cewa suna gane muryar bogi. Suna kuskure ta kowane ɓangare, balle muryar Hausa da aka matse ta WhatsApp da hayaniyar Kwari a bayanta. Abin da ke kama ɓarawo shi ne sawun kuɗi: BVN ɗin asusun da ya karɓa, da NIN ɗin da aka yi rajistar layin da shi.

Batun yaro: idan babu hannunsa kuma bai saɓa wata ƙa'idar da ka gindaya masa ba, da wuya kotu ta ɗora masa. Idan ka taɓa ce masa kada ya tura ko kwabo sai ya kira tsohon layinka, ya ƙi yi, to sakaci ya shigo. Mu dai shawararmu ga duk mai shago ita ce a rubuta ƙa'ida yau: kuɗin da ya haura adadi kaza ba ya fita da saƙon murya, sai an kira lambar da aka sani, kuma a sami wata kalma tsakanin uban gida da yaro wadda ba a taɓa faɗarta a waya ba.

Tambaya: An ɗauki hoton ƙanwata na biki an ɗora fuskarta a hoton batsa, yana yawo. Saura wata biyu aurenta. Gida an ce a yi shiru. (Wata baiwar Allah, Gwammaja)

Amsa: 'Yar'uwa, mun fahimci dalilin iyaye, amma shiru ba ya sauke hoto. Ana iya bin abin ba tare da an yi shela ba.

Shekarunta ne tambayar farko. Idan ba ta kai 18 ba, sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ya shafi har hoton da aka haɗa ya yi kama da na gaske, kuma ajiye shi ko tura shi laifi ne ko da niyyar mutum nuna wa dangi ce. A wannan hali kada ku adana hoton; ku rubuta adireshin shafin da sunan asusun da lokacin da kuka gani, ku kai wa 'yan sanda. Idan ta haura 18, ku adana hujja kamar yadda muka gaya wa Alhaji a sama, sannan ku kai rahoto ga dandalin da aka ɗora hoton. A yi hujjar kafin rahoton, domin da zarar an sauke shafin sawun ya ɓace muku.

Akwai shafin StopNCII na manya, da Take It Down na 'yan ƙasa da 18. Hoton ba ya barin wayarku. Wata lambar tambari ake cirowa daga jikinsa a ba Facebook da Instagram da TikTok su tare shi idan an sake ɗorawa. Iyakarsa ita ce ba ya shiga hirar WhatsApp, wadda a kulle take tsakanin mai turawa da mai karɓa, kuma a Kano can ne abu ya fi yawo.

Ta fuskar hukunci, sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ya haramta aika saƙon batsa da gangan, da tarar da ta kai naira miliyan 7 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyun. Wannan sashen ya sha suka saboda yadda aka riƙa kama 'yan jarida da shi, har Kotun ECOWAS ta ce a gyara, aka taƙaita shi a 2024, amma batun batsa yana nan. Akwai kuma ɓata suna a sashe na 391 na kundin Final Kod, wanda kotun majistare ke ji, ga damar neman diyya a Babbar Kotun Jiha. Idan mai yaɗawar ya haɗa da jifanta da zina, maganar ƙazafi ta taso a kotun shari'ar Musulunci. Wanda ya haɗa da wanda ya tura duk suna ciki. "Ni ma turo min aka yi" ba kariya ba ce. Sau da yawa mai wannan aikin na kusa ne, wanda ya ga hoton a sitatus ɗinta, don haka a bincika wa ya fara turawa a guruf. Kuma gara dangin ango su ji daga bakin manyanku, da takardar ƙorafin 'yan sanda a hannu, kafin su ji a bakin unguwa.

Tambaya: Na nemi rance a wata manhaja, cikin minti ɗaya aka ce ban cancanta ba. Na kira, suka ce "sistem ne". Wata manhajar kuma da na makara kwana huɗu ta tura wa surukina saƙo cewa ni ɓarawo ne. (Mai sana'ar ɗinki, Fagge)

Amsa: "Sistem ne" ba amsa ba ce a doka. Sashe na 37 na Dokar Kare Bayanai ta 2023 ya ba ka haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke maka hukunci mai nauyi a rayuwarka. Gaskiya akwai togaciya: idan ka amince, ko abin ya zama dole wajen ƙulla yarjejeniya, suna iya yi, kuma kusan kowa ya danna "na yarda" bai karanta ba. Amma ko a hakan dole su ba ka damar mutum mai jini a jika ya sake duba lamarin, ka faɗi ta bakinka, ka ƙalubalanci hukuncin. Ba dole ne su ba ka bashin ba. Dole ne dai su saurare ka.

Ka rubuta musu ta imel, kada ka tsaya ga kiran waya. Ka nemi abu uku: bayananka da suke riƙe da su da inda suka samo, ko na'ura ce kaɗai ta yanke, da buƙatar mutum ya sake dubawa. Kafin nan ka nemi rahotonka daga hukumomin tarihin bashi guda uku, CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Abin da ke jawo ƙin amincewa sau da yawa ba wata basira ba ce: tsohon bashin da ka biya ba a goge ba, ko sunan BVN da ya saɓa da na NIN. Akwai kuma matsalar da ta fi shafar irinmu. Manhajar ta koyi gane mai biya ne daga masu albashi da kuɗi ke shigar musu ƙarshen wata. Tela da cinikinsa ke tumbatsa gab da sallah ya yi ƙasa bayanta, ko mai adashi da kuɗinsa ba ya bi ta banki, sai ta gan shi kamar marar tabbas.

Na biyun ya fi muni, kuma ya fi sauƙin kamawa. Lambobin da ke wayarka bayanan wasu mutane ne, surukinka bai ba kowa izini ba. Tun watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan waya, shi ya sa marasa gaskiyar suke turo maka manhajar ta saƙo su ce ka sauke kai tsaye. Ka karɓi hoton saƙon daga wayar surukin, ka duba ko sunan kamfanin na cikin jerin waɗanda FCCPC ta yi wa rajista, ka kai ƙorafi gare ta da NDPC. Tarar Dokar Kare Bayanai ga manyan masu riƙe bayanai naira miliyan 10 ce ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙanana miliyan 2 ko kashi 2. A ganinmu miliyan 10 ba ta tsorata babban kamfani, kason ne mai cizo. Hukumomin kuma sun nuna suna iya taɓa manya: a watan Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220, kotun sauraron ƙorafin ta tabbatar a watan Afrilun 2025. Bashin da ka ci dai yana nan a wuyanka, cin mutuncin bai goge shi ba.

Tambaya: Ni mawaƙi ne. An fitar da waƙar siyasa da muryata, ban rera ba. Sannan ni ma ina haɗa kiɗa da AI. Nawa ne ko na kamfanin? (Daga wani situdiyo, Zoo Road)

Amsa: A nan ne dokar ta fi rauni. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare baitin da ka rubuta, da karin waƙar, da faifan da aka naɗa, da rerawarka. Amon murya shi kaɗai ba ya cikin jerin ayyukan da ta lissafa. Idan sun ɗauki baitinka ko karinka ko guntun faifanka, ka kama su kai tsaye, kuma dokar ta ba ka damar aika wa dandalin takardar neman a sauke. Idan sabon baiti ne da sabon kiɗa, muryar kawai aka kwaikwaya, sai a bi ta wata ƙofa: sojan gona, cin kasuwa da sunanka, ɓata suna idan waƙar ta zagi wani, da sarrafa muryarka ba izini a ƙarƙashin dokar bayanai. Ka fito ka barranta da ita da wuri, da bidiyo mai kwanan wata, domin a Kano waƙar siyasa na iya jawo wa mutum abin da ya fi asarar kuɗi. Hukumar Tace Fina-finai ta jiha abin da waƙa ta ƙunsa take dubawa. Rigimar mallaka ta Hukumar Haƙƙin Mallaka ce da Babbar Kotun Tarayya.

Kiɗan da kake haɗawa kuwa, dokarmu tana neman a ga ƙoƙarin da ya ba aiki asalinsa. A Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a watan Maris na 2025, a shari'ar Stephen Thaler, cewa abin da na'ura ta yi ita kaɗai ba shi da haƙƙin mallaka. Ingila ta bi wata hanya tun 1988, ta ba wanda ya shirya aikin kariyar shekara 50. Hukuncinsu ba ya ɗaure alƙalinmu, amma lauyoyi za su kawo shi. Don haka ka ajiye sawun hannunka: takardar baiti, muryar gwaji, fayil ɗin aikin kafin gyara da bayansa. Ka karanta sharuɗɗan manhajar, domin da yawansu ba sa yarda a sayar da abin da aka haɗa a tsarin kyauta. Duk furodusan da zai naɗi muryarka kuma, a sa layi ɗaya a yarjejeniya cewa ba za a horar da wata manhaja da ita ba sai da izininka a rubuce.

Tambaya: Na sa manhajar AI tana amsa wa kwastomomi a WhatsApp. Ta faɗa wa wani farashin waya ƙasa da yadda na saro, ya dage sai na ba shi. (Mai shagon waya, Farm Centre)

Amsa: Ranka ya daɗe, bakin shagonka ne ya yi magana. A watan Fabrairun 2024 kamfanin jirgin Air Canada ya gwada cewa manhajar hirarsa ita ke da alhakin maganarta, kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta yi watsi da hujjar ta sa ya biya fasinjan. Idan kwastoman bai biya ba kuma ba ku ƙulla ba, kana da damar gyara kuskuren nan take ka ba shi haƙuri. Idan ya riga ya tura kuɗi bisa wannan farashin, matsayinka ya yi rauni, sai dai in kuskuren a fili yake yadda kowa zai gane, kamar wayar dubu 500 a ce dubu 50. Sulhu a ofishin ƙungiyar kasuwa ya fi maka arha.

Gyaran uku ne. Manhajar ta riƙa ɗauko farashi daga jerin da kake sabuntawa kullum, kada a bar ta ta ƙirƙira, domin irin waɗannan manhajoji idan ba su sani ba sai su cika gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Saƙon farko ya sanar da kwastoma cewa na'ura ce ke amsawa kuma ciniki ba ya faɗawa sai mutum ya tabbatar. Sannan ka sani tunda kana tara sunaye da lambobi da hoton katin shaidar masu sayen waya a kan bashi, kai ma mai riƙe bayanai ne a idon doka. Kada ka riƙa zuba su cikin manhajar hira ta kyauta, domin rumbunta a wata ƙasa yake kuma dokar ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Idan wayar shagon ta ɓace da waɗannan bayanai a ciki har abin zai iya cutar da masu su, awa 72 gare ka daga lokacin da ka sani ka sanar da NDPC.